Rediyon ƙasa: mu ke biya, to na wa ne?

Wata ranar Talata, a darasin tarbiyyar ɗan ƙasa, na ce wa ƴan ajina na CM2 su lissafo mini kayan da ke na jama'a duka, waɗanda ba mutum ɗaya ke da su ba. Hannuwa suka tashi. Wannan ya ce lakkwal, wancan ya ce gidan likita, wata ta ce famfon unguwa, wani ya ce kasuwa. Na rubuta su a allo, sannan na ƙara ɗaya da kaina: gidan rediyo da talabijin na ƙasa.

Wata yarinya da ke zama a bencin gaba ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, ai wannan na gwamnati ne."

Na ce, "Lakkwal ɗin nan fa, wa ya gina ta?"

Ta ce, "Gwamnati."

"To ta wa ce?"

"Tamu ce."

"Rediyon fa?"

Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, "Shi dai na gwamnati ne."

Ban ga laifinta ba. Abin da ta ji muna faɗi a gida ne ta maimaita. Mu manya ma "rediyon gwamnati" muke cewa, kuma mun daɗe da sallamawa cewa duk wanda ya hau kujera, gidan ya zama nasa har ranar da zai sauka.

Kashegari na zo da takardar kuɗin kuran ta gidana na nuna musu. Duk wanda ya taɓa zama ya karanta takardar NIGELEC layi bayan layi ya ga wani ɗan kuɗi da ake ƙarawa domin gidan rediyo da talabijin na ƙasa. Wanda kuran bai kai ƙauyensu ba, kuma su ne mafi yawan ƴan Nijar, shi ma bai tsira ba, domin tallafin da gidan ke samu daga baitulmali yana fitowa ne daga harajin da kowa ke biya in ya sayi sukari, ko man babur, ko katin waya. Ke nan manomin Dakoro da mai tuyar ƙosai ta Birnin Ƙonni suna cikin masu ciyar da gidan. Abin da nake so in tattauna da ƴan'uwana malamai da iyaye ke nan: gidan da mu ke ciyarwa namu ne, kuma ba zai yi mana aikin da muke buƙata ba sai an ɗaga masa hannun mai mulki da hannun mai kuɗi daga wuya.

Abin da muka gada

Kafin a yi maganar gyara, ya kamata mu tuna da darajar abin da ake magana a kai. An buɗe Rediyo Nijar a 1958, tun kafin samun ƴancin kai. A 1967 aka kafa ORTN, wadda a 2022 ta koma RTN, uwar Muryar Sahel da Tele Sahel. A tsakanin waɗannan shekaru an yi abubuwa biyu da ya kamata kowane malami ya sani, domin namu ne.

Na farko shi ne ƙungiyoyin sauraren rediyo da aka kafa a 1962. Mutanen gari su taru su saurari shiri a kan noma, ko kiwon lafiya, ko aure, sannan su yi muhawara. Mai jagorantar zaman, wanda sau da yawa malamin makarantar garin ne, ya ɗauki muryoyinsu a na'ura ya aika Yamai, a sa su a iska. Talaka ya ji muryarsa da ta maƙwabcinsa a akwatin da ya saba jin manya kaɗai. Na biyu shi ne talabijin ɗin makaranta da aka soma a 1964. Yaran Nijar sun yi karatu ta talabijin shekaru da dama kafin iyayensu su soma kallon labarai a cikinta, domin Tele Sahel sai a ƙarshen shekarun 1970 ta zo. A ƙasarmu, talabijin a aji ta fara shiga.

Ni kaina a gindin akwatin mahaifina na tashi. Yana rataye shi a reshen bedi in muna gona, da dare kuma ya ajiye shi bakin tabarma. A nan na fara jin Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci, na gane cewa ƙasar ta fi garinmu faɗi. Wanda ya ga yadda gari ke yin tsit lokacin kokowar takobi, ko ya tuna yadda ake cika gidan mai tele don kallon wasan su Yazi Dogo, ya san babu wani abin da ke tara ƴan Nijar wuri ɗaya a lokaci ɗaya kamar wannan gida. Saboda haka ba da ƙiyayya nake rubutun nan ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Jarin gidan rediyo shi ne a yarda da shi

Fiye da rabin manyanmu ba su karatun boko. Kusan rabin ƴan ƙasar ba su kai shekara 15 ba. A irin wannan ƙasa, sanarwar da aka yi a rediyo da harshen da uwa ke ji ta fi takarda dubu da aka liƙa a bangon ofis. Mun ga haka a Afrilun 2015, lokacin da sanƙarau ya sa aka rufe makarantun Yamai, annobar da ta kashe fiye da mutum 500 a ƙasar. Mun sake gani a 2024, da ambaliya ta sa aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba. A irin waɗannan ranaku uwa na buƙatar murya ɗaya da za ta ce mata: kai yaro rigakafi wuri kaza, kada ku sha ruwan tabki, ku tashi daga bakin gulbi yau. Kuma tana buƙatar ta yarda da muryar nan take, ba tare da ta je tambayar wani ba.

Mu malamai mun san yadda yarda ke ginuwa da yadda take rushewa. In ka ba ɗan mai gari maki 18 alhali aji duka sun san 8 ya ci, ba makin nan kaɗai ka ɓata ba. Daga ranar, ko ka ce biyu da biyu huɗu ne, akwai yaron da zai dube ka da shakka. Haka gidan rediyo yake. In ya shekara yana cewa komai lafiya alhali mutane na ganin akasin haka da idonsu, ranar da zai faɗi gaskiyar da za ta ceci rai, sai a ce ai maganar gwamnati ce. A nan ne muryar da ba a san mai ita ba a WhatsApp ke samun kasuwa. Mun ga abin da ya faru a 2003, da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano saboda jita-jita: cutar ba ta tsaya neman biza a iyaka ba, ta shigo mana.

Akwai misalin da mu mutanen Maraɗi ba za mu manta ba. A 2005, lokacin da cibiyoyin kula da yara masu tamowa suka cika, shugaban ƙasa na lokacin, marigayi Tandja Mamadou, ya shaida wa BBC cewa ba yunwa ake yi a Nijar ba, ƙarancin abinci ne a wasu yankuna. Kalmar "yunwa" ta zama kalmar siyasa. To sa kanka a matsayin ɗan jaridar da ke aiki a gidan da gwamnati ke naɗa shugabansa, ta kuma biya albashinsa. Ka je Madarunfa ka ga abin da ka gani. Da wane baki za ka riga shugaban ƙasa furta kalmar? A 2010 kuwa, hukumomin riƙon ƙwarya na Salou Djibo sun fito fili tun da wuri sun ce akwai matsala, sun nemi agaji. An ji daɗin haka, amma abin lura shi ne a duka lokutan biyu faɗin gaskiyar ya rataya ne ga ra'ayin wanda ke sama. Bai kamata sanin halin da rumbunanmu ke ciki ya jira ranar da aka yi sa'ar shugaba mai son a faɗa ba.

Hannun mai mulki

Matsin siyasa ba kullum yake zuwa da bindiga ko da takardar kora ba. Hanyoyinsa a natse suke. Ta farko ita ce naɗi: a tsarinmu, kamar a yawancin ƙasashen yankin nan, a taron majalisar ministoci ake naɗa babban daraktan gidan, a nan kuma ake sauke shi. Ta biyu ita ce kuɗi: wanda ke sakin tallafi in ya ga dama, ya riƙe in ya ga dama, ba ya buƙatar ɗaga murya. Ta uku ta fi su ƙarfi, ita ce tsoron da ɗan jarida ke sa wa kansa. Ba wanda ya kira shi, ba wanda ya hana shi, amma ya san abin da ya sami wani a bara, yana da iyali, sai ya cire tambayar da kansa tun kafin ya shiga ɗakin shiri. Abin da ke fitowa daga wannan mun san shi a gidajen talabijin na ƙasashen Afirka da yawa: shugaba ya karɓi baƙo, minista ya buɗe taron ƙara wa juna sani, wani ministan ya rufe wani taron, lokacin labarai ya ƙare.

Ba wata gwamnati guda nake nufi ba. Farar hula da soja, kowa ya tarar da tsarin haka, ya ji daɗinsa, ya bar shi haka. A 1974, 1996, 1999, 2010 da 2023, ta wannan gida ne ƴan ƙasa suka ji cewa mulki ya sauya hannu. Ma'aikatan gidan, waɗanda da yawansu ƙwararru ne masu son aikinsu, su ne ake bari da kunyar yabon wanda aka soka jiya da sukar wanda aka yaba shekaranjiya. Kuma duk ɗan siyasar da ya yi kukan an hana shi makirfo yana adawa, da ya hau sai ya manta da kukan. Duniya rawar ƴan mata ce, na gaba ya koma baya. Da masu mulki na tuna wannan, da sun gane cewa gidan rediyo mai ƴanci ajiya ce suke yi wa kansu domin ranar da za su koma ƙasa.

Mun taɓa ɗanɗana wani abu dabam. Lokacin babban taron ƙasa na 1991, daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba, mutane sun manne da akwatunansu suna jin ana yi wa manya tambayoyin da a da ko a ɗaka sai an rage murya. Daga wannan zamani ne aka sami hukumar CSC mai kula da kafofin sadarwa, aka sami rediyoyi masu zaman kansu daga 1994, da rediyoyin karkara daga na Bankilare a 1999. A 2010 aka soke ɗaurin ƴan jarida kan laifin aikin jarida, a 2011 kuma shugaba Issoufou Mahamadou ya sa hannu kan sanarwar Table Mountain ranar 30 ga Nuwamba, ranar da ta zama ta ƴancin aikin jarida a Nijar. An yi tafiya. Sai dai a duk tafiyar nan, igiyar gidan ƙasa ba ta bar hannun gwamnati ba.

Hannun mai kuɗi

Wannan ba a cika maganarsa ba, alhali kullum yana cikin kunnuwan ƴaƴanmu. Bari in ba da abin da ya same ni. Wata shekara, iska ta kwashe rufin azuzuwanmu biyu, muka koma rumfar zana. Kwamitin iyaye ya kira taro, aka ce in gayyato ƴan jarida domin kukanmu ya kai inda ya kamata. Na je wani gidan rediyo, ba sai na faɗi sunansa ba. Aka karɓe ni da mutunci, sannan aka miƙo mini takardar farashi: ɗaukar rahoto jika kaza, ban da kuɗin mai. Kuɗin ya fi abin da ke cikin asusun kwamitin gaba ɗaya. Na dawo hannu rabbana. A makon nan kuwa na ji rahoton bikin buɗe wani kanti har sau uku a cikin labarai.

Ban riƙe ma'aikatan a zuci ba, na san wasunsu na yin watanni ba albashi. Amma a duba abin da wannan tsari ke haifarwa. In shiga labarai sai da kuɗi, to labaran ƙasa sun zama labaran masu iya biya: ma'aikatu, manyan ƙungiyoyi masu kasafin taro, ƴan kasuwa, ƴan siyasa. Makarantar ƙauye ba ta ciki. A Afrilun 2021 gobara ta cinye yara kimanin 20 a azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai. A Nuwamban shekarar, a nan Maraɗi, yara fiye da 20 suka sake ƙonewa a irin waɗannan azuzuwa. Bayan haka kowa ya yi magana, hukumomi da kansu suka ce azuzuwan zana sun kai kimanin 36,000 a ƙasar. Waɗannan rumfuna ba a dare ɗaya suka tsiro ba. Aikin gidan rediyon jama'a ne ya riƙa zuwa yana ƙirga su, yana tambayar inda kuɗin gini ya shiga, tun kafin wuta ta tashi, ko da ba wanda ya biya shi kuɗin mai.

Sai kuma talla. Ku saurari tashoshi da dare ku ji: mai maganin da ke warkar da ciwon suga da hawan jini da rashin haihuwa a kwalba ɗaya, mai man shafawar da ke sauya launin fata, masu cacar ƙwallo da ke kiran samari su zuba jika su kwashi miliyan. Da safe ina koya wa yaro cewa in zazzaɓi ya kama ƙanensa a kai shi likita, da dare akwati na gaya wa uwarsa akasin haka da murya mai daɗi. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski: gidan da kamfani ke ɗaukar nauyin shirinsa ba zai yi binciken yadda kamfanin ke cutar masu saye ba. Shirin yara kuwa, da darasin lissafi, da shirin makiyaya da Tubanci, ba su kawo talla, don haka su ne ake fara turawa lokacin da kowa ke barci. In gidan ɗan kasuwa ya yi haka, sai mu ce neman abinci ne. Gidan ƙasa kuwa an kafa shi ne domin ya yi abin da kasuwa ba za ta yi ba.

Yadda wasu suka yi

Kada a ce wannan mafarkin Turawa ne. Ghana na nan kusa. Kundin tsarin mulkinta na 1992 ya kafa hukumar kafofin yaɗa labarai da ake kira NMC, ya ɗora mata aikin kare gidajen ƙasa daga ikon gwamnati. Ita ke naɗa kwamitocin da ke tafiyar da gidajen, bayan tuntuɓar shugaban ƙasa. Mafi yawan mambobinta ƙungiyoyi ne ke turo su: ƴan jarida, lauyoyi, ƙwadago, Musulmi da Kirista, har da ƙungiyar malaman makaranta ta ƙasa. Shugaban ƙasa mutum biyu kawai yake sawa. A 1993 gidan GBC ya ba jam'iyya mai mulki fili ta kare kasafin kuɗi, ya hana jam'iyyar adawa ta NPP irin wannan fili. NPP ta kai ƙara, kotun ƙoli ta ce dole a ba ta. Bayan zaɓen 2000 NPP ta hau mulki, waɗanda suka hana ta fili suka koma adawa, hukuncin nan ya zama garkuwarsu. Ba a ce GBC ta zama tsarkakakkiya ba, har yau tana kukan kuɗi, amma akwai doka da kotu da mutum zai kama.

A Jamus, a 1961, shugaban gwamnati Konrad Adenauer ya so kafa tashar talabijin da gwamnatin tarayya za ta riƙe, kotun tsarin mulki ta hana. Yau kowane gida na biyan yuro 18.36 a wata, kuma wani kwamitin masana mai zaman kansa ne ke auna abin da gidajen ke buƙata, don kada ɗan siyasa ya mai da kuɗin sandar duka. BBC a cikin Ingila ba ta sa talla, da kuɗin da masu kallo ke biya take rayuwa. Duk da haka ba ta tsira ba: a 2023 shugaban kwamitinta, Richard Sharp, ya yi murabus bayan an gano bai bayyana rawar da ya taka ba wajen neman wa Boris Johnson bashi, wanda gwamnatinsa ce ta ba shi kujerar. Faransa kuwa ta soke nata kuɗin talabijin a 2022. Wato ko inda aka gina katangar, sai an riƙa yi mata yaɓe duk shekara. Mu a Afirka ma muna da abin kamawa: tun 2002, a Banjul, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka ta amince cewa a mai da gidajen gwamnati su zama na jama'a, da kwamiti mai ƴanci da isasshen kuɗin da ba za a riƙa yi musu barazana da shi ba.

Abin da za a ce mini

Na san amsa ta farko: ƙasa na cikin yaƙi, ɗaruruwan makarantu a rufe suke a jihar Tillaberi, ba lokacin muryoyi barkatai ba ne. Na yarda akwai abin da ba a faɗi a iska. Ba mai hankalin da zai so a sanar da hanyar da ayarin soja zai bi, ko a ba ɗan ta'adda makirfo. Amma tsadar gero, da jinkirin albashin malaman kwantaragi, da rashin magani a gidan likita, ba sirrin soja ba ne. Kuma lokacin yaƙi ne ƙasa ta fi buƙatar muryar da ake yarda da ita. In aka kai hari gidan ƙasa ya yi shiru, mutane ba su zama jiran sanarwa, wayoyinsu suke buɗewa, a can kuwa maƙiyi ne ke da bakin magana.

Amsa ta biyu: ai ga rediyoyi masu zaman kansu, ga na ƙasashen waje, wanda bai gamsu ba ya juya akwatinsa. Masu zaman kansu sun yi wa ƙasar nan aiki babba, amma kowanne da mai shi, kuma ƙarfinsu a birane yake inda talla take. Na waje kuwa, shekarun nan sun koya mana darasi. An dakatar da RFI a Agustan 2023, an dakatar da BBC na wata uku a Disamban 2024. A Maris na 2025 kuma sashen Hausa na Muryar Amurka ya yi tsit, ba don wata hukuma ta Nijar ta hana shi ba, sai don shugaban Amurka ya sa hannu a wata takarda. Mai ra'ayin a rufe su da mai ra'ayin a bar su, duka ya kamata su haɗu a kan abu ɗaya: ƙasar da ke maganar diyaucinta ba ta barin ƴaƴanta su jira baƙo ya gaya musu abin da ya faru a Tawa. Maganin dogaro da tashar waje shi ne ta gida ta riga ta faɗin gaskiya.

Amsa ta uku: ba kuɗi, dole a yi talla. To a yi, amma da iyaka, kuma a fili.

Abin da ya kamata mu nema

A ganina abubuwa biyar ne, kuma ba wanda ya fi ƙarfin ƙasar nan. A kafa kwamitin gudanarwa da gwamnati ba ta da rinjaye a ciki, da wakilan malamai, iyayen yara, manoma da makiyaya, mata, malaman addini da ƴan jarida. Wannan kwamiti ya zaɓi darakta ta hanyar gasa, da wa'adi sananne, kada a sauke shi sai da laifin da doka ta ambata. Kuɗin da ake karɓa a takardar kuran ya shiga asusun gidan kai tsaye, a kuma karanta mana a rediyon duk shekara nawa aka tara, ina aka kashe. A raba labarai da talla: duk rahoton da aka biya a faɗa cewa an biya, a hana tallar maganin da hukumar lafiya ba ta tantance ba, a hana caca da kowace irin talla a shirin yara. Na ƙarshe, a rubuta a doka yawan sa'o'in da za a ba yara da karatu da kowane harshe na ƙasa, a lokacin da mutane ke farke. Tunda a 2025 aka ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, mu Hausawa ne ya kamata mu fi kowa tsayawa kan kada a danne Zabarmanci, Fulatanci, Tamajak, Barbarci da sauransu a gidan da su ma suke biya.

Ba sai mun jira doka ba kafin mu soma namu. Kwamitocin makarantu da ƙungiyoyin iyaye mata na iya rubuta wa tashar jiharsu, su yaba shirin da ya amfane su, su yi ƙorafi a kan tallar da ke cutarwa, su nemi a zo a ga makarantarsu ba da kuɗi ba. Ɗan jaridar da ya yi tambaya mai wuya, a kira a gode masa a iska, domin wanda ya san akwai jama'a bayansa ya fi ƙarfin zuciya. A aji kuma, ni na soma wani abu duk ranar Juma'a: yara su saurari labaran dare, da safe mu tattauna. Wa ya yi magana? Wa abin ya shafa amma ba a ji shi ba? Wannan labari ne ko talla? Minti goma sha biyar ne kawai, kuma shi ne aikin da malaman 1962 suka yi da na'urarsu a dandalin gari.

Yarinyar nan ta bencin gaba ita ce ta fi kowa zafi a wannan darasi. Makon jiya ta ce an yi rahoto a kan makarantu, an ji minista, an ji darakta, ba a ji ɗalibi ko ɗaya ba. Ta tambaye ni wurin wa ake kai ƙara. Na ce mata a yanzu dai babu wani ofis da aka ware don haka, amma za mu rubuta wasiƙa. Mun rubuta, yara 64 suka sa hannu, shugaban kwamitin iyaye ya dangwala yatsa. Allah ya sa a karanta, ya kuma ba mu ikon kula da abin da yake namu.